Yadda ake shirya gyaran makaranta da jama'ar unguwa, gyaran ya kai ga yaron da ke ƙarshen aji

In ka zagaya makarantun firamare na gwamnati a Zariya, daga cikin birni zuwa Tudun Wada, Sabon Gari da ƙauyukan bayan Samaru, za ka lura cewa duk sadda ɗan kuɗi ya shigo, abin da baƙo zai gani ake fara taɓawa. A shafa wa katangar gaba fenti, a sa labule a ofishin hedimasta, a sake rubuta allon sunan makaranta. Can baya kuwa 'yan aji ɗaya na zaune a ƙasa, makewayin 'yan mata ba ƙofa, yaron nan mai jan ƙafa ya daina zuwa tun zangon da ya wuce, ba wanda ya tambaya. Ba lallai mugunta ce ta jawo haka ba. Waɗanda suka zauna suka yanke shawara sun gyara abin da idonsu ke gani ne, waɗanda abin ya fi damu kuma ba a kira su zaman ba.

Wannan bayani na hedimasta ne ko shugabar makaranta, da duk wanda aka ɗora wa shugabancin kwamitin makaranta. Abin da za a gyara ya danganta ga wanda aka zaunar, da inda aka zaunar da shi, da ko an bar shi ya buɗe baki. Wannan ne aikin shugaba na farko, kafin maganar siminti da kwano.

Mataki na farko: ƙirga kafin ka kira kowa

Taron da aka kira ba ƙidaya a hannu, mai babbar murya ne ke cin sa. Saboda haka ka ware mako biyu ko uku kai da malamanka ku san ainihin halin da ake ciki.

Fara da rajista, amma kada ka tsaya ga jimillar da ake aika wa ofis. Raba kowane aji maza da mata, sannan ka bi aji-aji daga ɗaya zuwa shida. A ce aji ɗaya akwai 'yan mata 60, aji shida kuma 25: a wane aji suka fara zubewa? Sau da yawa za ka tarar tsakanin aji huɗu da biyar ne, lokacin da yarinya ta isa ɗaukar tire ko raino. Bayan haka ka rubuta unguwar kowane yaro. Wata unguwa za ka ga kusan duk yaranta suna zuwa, wata kuwa da ke ƙetaren kwalbati ko rafi, da damina ta kankama sai su ɗauke ƙafa.

Rajista tana faɗin wanda aka rubuta, ba wanda ke zuwa ba. Ka sa a ƙirga kawuna da safe, a sake ƙirgawa bayan an dawo daga tara, na tsawon mako guda. Bambancin lambobin biyu yakan nuna yunwa. Waɗanda ke aiki a 2016, lokacin da aka fara ciyar da 'yan firamare a jihar Kaduna, sun ga yadda azuzuwa suka cika maƙil cikin 'yan kwanaki. Yaran nan da ma suna nan cikin unguwa. Ka lura kuma da ranakun: in makarantarka na wajen gari, ranar kasuwa da lokacin girbin masara ko cirar tumatir a fadama za su fito fili a lissafin.

Sai gwajin karatu, wanda shi ne ya fi kowane ɗaci. Ba jarrabawa ake nufi ba. Malami ya zauna da yaro shi kaɗai na minti biyar, da takarda ɗaya mai ɗauke da haruffa, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari, da Hausa. A rubuta inda yaron ya tsaya: bai san harafi ba, ya san harafi, yana karanta kalma, yana karanta sakin layi, ko yana karanta labari. Haka a lissafi, daga gane lamba zuwa ɗebewa da rabawa. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa wannan hanya, kuma ba ta buƙatar komai sai takarda da haƙuri. Ka gaya wa malamai tun farko cewa ba don a kama wani da laifi ake yi ba, in ba haka ba za su raɗa wa yara amsa. Kuma kada malami ya gwada 'yan ajinsa, a yi musaya.

Daga nan ku zagaya harabar da biro da takarda: benci nawa ne lafiyayyu a kowane aji, wane rufi ke yoyo, makewayi nawa ke aiki, ina yara ke shan ruwa, littattafai nawa ke kulle a kabad ɗin ofis ba a taɓa buɗe su ba. Wannan na ƙarshe kada ka tsallake shi don kunya.

Saura waɗanda ba sa cikin rajista kwata-kwata. Su ba a ganin su daga ofis. Ka je zauren mai unguwa da kanka, ba aike ba. "Ranka ya daɗe, mun zo neman taimako ne. Muna so mu san gidajen da ke da yaran da suka isa shiga makaranta amma ba sa zuwa, ba don a kai ƙarar kowa ba." Shi ya san gidan da aka yi rasuwa aka bar marayu, da gidan da ke ɓoye yaro kurma, da baƙin da suka taso daga wani gari saboda rashin tsaro. In akwai rugar Fulani a kusa, a nemi arɗo.

Mataki na biyu: tada kwamitin makaranta daga barci

Kusan kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin da ake kira SBMC, ko da a takarda ne. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa shi a makarantu, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, har da Kaduna, Kano da Jigawa. Ya bambanta da PTA. PTA ta iyayen da 'ya'yansu ke ciki ce da malamai. SBMC kuwa na unguwa ne gaba ɗaya, har da wanda ɗansa bai taɓa taka makarantar ba. A tsarinsa akwai hedimasta, wakilin malamai, wakilan ɗalibai namiji da mace, wakilin sarauta, malaman addini, mata, matasa, masu sana'ar hannu da tsofaffin ɗalibai.

Ɗauko jerin sunayen ka duba da idon basira. Wa ya rasu, wa ya tashi daga unguwar, wa aka rubuta don kawai abokin tsohon hedimasta ne? Matan da ke ciki, sun taɓa zuwa taro, ko mazajensu ne ke sa musu hannu? A cike gurabe a bainar jama'a, kowane rukuni ya zaɓi nasa. A Sabon Gari, Wusasa ko Samaru, inda Musulmi da Kirista da ƙabilu iri-iri ke aji ɗaya, kwamitin da ke da liman ba fasto, ko kowa a cikinsa Bahaushe ne, ya fara da gurguwar ƙafa.

Shugabancin kwamiti ba na hedimasta ba ne, nasa shi ne riƙe takardu da ba da bayani. Ni a ganina, a guji ba wa attajirin unguwa ko ɗan siyasa wannan kujera, ko da zai ji haushi. Wanda kowa ke jin nauyinsa saboda bashi ko alfarma, ba mai iya ce masa a'a. Tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, ko dattijuwar da ake kira sulhu in an yi rigima, sun fi dacewa, don suna da lokaci kuma ana iya musu gardama.

Mataki na uku: malamai kafin kowa

Kada malami ya fara jin labarin gyara a bakin iyaye. Tara su, ka ajiye sakamakon ƙidayar a gabansu, ka yi shiru su fara magana. Ka tuna malaman jihar nan ba su manta da 2017 ba, shekarar da aka yi gwajin cancantar da ya jawo sallamar malaman firamare sama da 21,000. Duk wata takarda mai kama da awon malami tana tayar musu da hankali, kuma suna da hujja. Ka bayyana cewa lambobin na makaranta ne, ba za a liƙa sunan kowa a jikinsu ba.

A wannan zama ne ake taɓa abin da iyaye ba za su iya taɓawa ba, wato rabon aiki. Al'adar da aka saba ita ce a kai gogaggen malami aji shida saboda jarrabawar shiga sakandare, a bar wa sabon ɗauka aji ɗaya mai yara fiye da ɗari. Alhali a aji ɗaya da biyu ake koyon karatu, wanda ya wuce nan bai iya ba, da wuya ya kamo. Ka tambaye su wa zai yarda ya sauko, kuma me za a rage masa a madadin haka. In ka yi umarni kawai, za a ɗauka horo ne. In malama mai daraja a idon 'yan uwanta ta ce ita za ta karɓa, sauran za su bi.

Mataki na huɗu: ji daga kowane rukuni shi kaɗai

Nan ne yawancin shugabanni ke gajarta hanya, kuma nan ne adalcin ke tsayawa ko ya faɗi. In ka tara mai unguwa, liman, iyaye mata da yara a aji ɗaya ka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, manya uku za su yi magana, sauran su ce haka ne. Ba munafunci ba ne, tarbiyya ce. Mace ba za ta yi zancen jinin al'adar 'yarta a gaban surukinta ba, yaro kuma ba zai ce ana dukansa ba malamin na zaune.

Mata su zauna da malama mace, a gidan wata dattijuwa da mazan unguwa suka yarda da ita, ko a islamiyyar matan aure bayan an tashi, ko a zumuntar mata ta coci. Lokacin su ne za su zaɓa, ba lokacin ɗora tukunya ba. Kada a tambaye su "mene ne matsalolin ilimi", wannan tambayar rediyo ce. A ce, "Inna, ranar da Ladidi ba ta je makaranta ba, me ya hana ta?" A nan za a ji cewa sai ta gama sayar da koko da ƙosai take tafiya, in ta isa a makare a zane ta a bakin ƙofa, shi ya sa in rana ta ɗaga sai ta yi zamanta. Za a ji cewa an koro yaro saboda rigar makaranta ta yage. Za a ji cewa manyan 'yan mata na fashin kwana uku ko huɗu kowane wata don ba ruwa ba ƙofa a makewayi. Malamar ta rubuta maganar ba tare da sunan mai ita ba.

Yara kuma a raba maza da mata, kowane rukuni kamar goma, kuma kada monitoci da masu zuwa na ɗaya su cika wurin. A ɗauko masu zaman baya da masu yawan fashi. Wanda zai zauna da su ya zama ba mai riƙe bulala ba. Hanya mai sauƙi ita ce a ba su alli su zana taswirar makarantar a ƙasa, su sa alama a inda suke jin daɗi da inda suke tsoro. Za ka sha mamakin wuraren da za su nuna: bayan ajin da katanga ta rushe inda zauna-gari-banza ke shan hayaki, ko hanyar da 'yan acaɓa ke tsare 'yan mata.

Iyayen yara masu buƙata ta musamman sai an bi su gida, don da yawa sun riga sun yanke ƙauna. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba ɗansu haƙƙin karatu kamar kowa. Amma abin da uban zai so ji shi ne takamaiman abu: za a mayar da ajin ɗansa ɗakin da ba matakala, za a zaunar da mai raunin ji ko gani a layin gaba, za a hana tsokana.

Sai malaman tsangaya. Zariya garin malamai ce, duk wanda ya shiga zauren alaramma da sigar zai ceto almajirai daga hannunsa, a ƙofa zai bar buƙatarsa. Ka je da ladabi. "Allah gafarta malam, ko akwai lokacin da ba ya cin karo da karatun allo, da za mu riƙa koya wa almajirai karatun boko da lissafi?" Alhamis da Juma'a ranakun hutunsu ne, shi zai faɗi abin da zai yiwu. Ko bai amince yanzu ba, ka gayyace shi babban taro.

Mataki na biyar: babban taro da zaɓen abin da za a fara

Yanzu ne za a haɗa kowa. A sanar ta lasifikar masallaci, da coci, da bakin mai shela, ba takardar da za a ba yaro ya cusa a jaka ba. A kauce wa Juma'a da rana da Lahadi da safe. A yi da Hausa, in akwai waɗanda ba su ji sosai a sa mai fassara kusa da su.

Bayan addu'a da gaisuwar manya, ka karanta ƙidayar yadda take. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In rabin 'yan aji huɗu ba sa iya karanta kalma, ka faɗa, ka kuma ce nauyin na kowa ne, har da kai. Sannan wakiliyar mata ta karanta abin da mata suka ce, wakilan yara su karanta nasu. Su fara, kafin manya. In mai unguwa ya riga ya yi magana, ba mai saɓa masa.

A rubuta kowace matsala a kwali guda da ɗan zane don wanda bai iya karatu ba, a jera a ƙasa, a ajiye kwano a gaban kowanne. Kowa a ba shi ƙwaya goma ya rarraba yadda ya ga dama: maza masara, mata wake, yara tsakuwa. Amfanin bambanta ƙwayar shi ne in an zo ƙirga kowa zai gani da idonsa cewa masara ta taru a kan katanga, wake a kan makewayi da ruwa, tsakuwa a kan bulala da benci. Ba sai wani ya yi wa wani gardama ba.

Yawan ƙwaya kaɗai ba ya yanke hukunci, don yaro ɗaya mai keken guragu ba zai taɓa cin zaɓe ba. Kowane aiki da ya fito gaba a yi masa tambaya ɗaya: wane yaro ne wannan zai dawo da shi aji, ko ya hana shi fita, ko ya sa ya iya karatu? In ba a iya nuna yaron ba, aikin ya jira. Da wannan tambaya fentin katanga ke sauka ƙasa da kansa.

Daga nan a kasa ayyukan kashi uku: wanda ba ya cin ko kwabo, wanda unguwa za ta iya da ɗan abin hannunta, da wanda sai hukuma. Kashin farko ya fi yadda ake zato yawa. Daina dukan mai makara a bakin ƙofa, a maye shi da bin sawun dalilin makarar. Daina korar yaro don riga. Fito da littattafai daga kabad. Juya zama kowane mako don na baya su dawo gaba. Raba shara da ɗiban ruwa tsakanin maza da mata, maimakon 'yan mata su yi ta shara maza na cikin darasi. Ware awa ɗaya kullum a haɗa yara bisa matakin karatunsu, ba bisa ajinsu ba, har waɗanda ba su san harafi ba su kamo.

Kada a ɗauki fiye da manyan ayyuka uku a shekara, kuma aƙalla ɗaya ya shafi abin da ke faruwa cikin aji, ba gini ba.

Mataki na shida: rubuta shi a shafi ɗaya

Aiki, wanda zai jagoranta da sunansa, ranar gamawa, kuɗin da zai ci, inda kuɗin zai fito, da alamar da za a gane an yi nasara. "Kwamiti zai duba" ba suna ba ne. "Inganta tsafta" ba aiki ba ne. "Sa ƙofa da sakata a makewayin 'yan mata biyu, da randar ruwa a ciki, kafin hutun zangon farko" shi ne aiki. A lura da yanayi: gyaran rufi da rani ake yi, kafin iskar farkon damina ta Afrilu da Mayu ta yaye abin da ya saura, tagogi kuma kafin hunturu. A liƙa kwafi a bangon makaranta, a ba mai unguwa ɗaya, a ba wakiliyar mata ɗaya.

Mataki na bakwai: kuɗi

Kuɗi ne ke kashe kwamiti, ko rashinsu ko zuwansu. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Saboda haka duk wani karo-karo da zai sa a mayar da yaro gida don ubansa bai biya ba ya saɓa wa doka, ya kuma rushe abin da aka taru a kai. Gudummawa ta zama ta ganin dama, kuma a buɗe ƙofar bayar da ita ta kowace fuska: mai tifa ya kawo yashi, birkila ya ba da yini ɗaya, matasa su yi gayya, mata su kawo ruwa. A rubuta kowanne a littafi ɗaya da na masu ba da kuɗi, a karanta sunayen tare.

Tsofaffin ɗalibai taska ce da firamare ke sakaci da ita. Kowa ya san ƙarfin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa, amma ita ma ƙaramar firamaren unguwa ta yaye waɗanda yanzu ke koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), ko aiki a asibitin Shika, ko riƙe da shago a kasuwar Sabon Gari. A buɗe musu zaure a WhatsApp, a tura musu shafin tsarin da hotuna. Mutum ya fi sakin hannu in aka ce masa benci 20 ake nema kuma ga farashin kowanne, fiye da a ce masa a taimaka wa makaranta.

Ko nawa ne, a banki za a ajiye, da sa hannun mutum biyu ko uku, kada ya zama hedimasta kaɗai. Kafin a ba da aiki a ji farashi daga kafinta ko magini uku. Kowane rasit a manna shi a littafi, kowane ƙarshen zango a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a bango. Inda tallafi ya zo daga sama, irin na shirin AGILE na karatun 'yan mata da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda Kaduna na cikin jihohin farko da suka shiga, ta hannun irin wannan kwamiti ake kashe kuɗin gyara, kuma makarantar da ta saba da rasit ita ke fita kunya.

In ɗan siyasa ya kawo taimako a karɓa a yi godiya, amma a nuna masa shafin tsarin ya zaɓa daga ciki.

Mataki na takwas: kai kuka inda ya dace

Ƙarin malamai, sabon gini, rijiyar burtsatse da kare filin makaranta daga masu cin iyaka, waɗannan na hukuma ne. Hanyar ita ce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari, daga nan zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a Kaduna. Wasiƙa shafi ɗaya, buƙata ɗaya, da lambobi da hoto: yara kaza, malamai kaza, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Shugaban kwamiti ne zai sa hannu, mai unguwa ya mara masa, a kai kwafi ga hakimi. Hedimasta ma'aikaci ne, akwai iyakar matsin da zai iya yi wa na gaba da shi. Jama'ar unguwa ba su da wannan iyaka. A tabbata an buga hatimin karɓa a kwafin da za a dawo da shi, a kuma sa wanda zai riƙa leƙawa.

Kafin amsa ta zo, a duba abin da ke kusa. Ɗaliban koyon malanta na Jami'ar Ilimi ta Tarayya (tsohuwar FCE) da ABU suna neman inda za su yi aikin gwaji kowace shekara, a nemi a turo su, a sa su a awar karatun nan. Cibiyar ilimin 'ya'ya mata ta CGE da ke nan Zariya ta daɗe tana tara 'yan mata rukuni-rukuni ƙarƙashin mace mai ba su shawara, ana iya koyon salon daga wurinta.

In an samu turjiya

Za a samu. Malamin da ya saba da bulala zai ce an lalata tarbiyya. Uban da ɗansa ke zuwa na ɗaya zai ce don me za a ɓata awa guda kan daƙiƙai. Wani dattijo zai ce tun yaushe mata ke tsara wa maza. Kada ka amsa a taro, ka bi kowa gida. Malamin a ba shi wani nauyi, misali bin sawun masu fashi, don sau da yawa tsoronsa shi ne girmansa ya zube. Uban a nuna masa cewa a waccan awar ɗansa ma yana rukunin masu karanta labari, ba zaman jira yake ba. Dattijon kuwa liman ne maganinsa, ba kai ba, shi ya sa ake zama da liman tun kafin babban taro. Wanda ya ƙi duk da haka a bar shi, a ci gaba da gaishe shi, a kuma fara da aikin da za a gani cikin wata guda, kamar ƙofar makewayi, don masu shakka su ga ba zance ba ne kawai.

Mataki na ƙarshe: waiwaye kowane zango

Mako guda kafin hutu kwamiti ya zauna awa ɗaya da shafin nan a gabansa. Kowane aiki a ce an gama, ana ciki, ko ba a fara ba, da dalili. A sake ƙirga kawuna, a sake gwajin karatu ga yaran da aka gwada da farko, a raba sakamakon maza da mata da unguwa-unguwa kamar yadda aka yi a baya. Jimilla tana iya hawa alhali 'yan ƙetaren rafi na nan inda suke. Yaran da aka dawo da su daga gida a kira su da suna ɗaya bayan ɗaya: wannan tana zuwa, wannan ya sake ɗaukewa, wa zai je gidansu kafin a dawo hutu. Zaman mata da na yara shi ma a maimaita shi aƙalla sau ɗaya a shekara, don gyara na iya haifar da sabuwar matsala, kamar makewayin da aka sa wa ƙofa sannan wani malami ya kulle ya riƙe makulli.

Hedimasta kuma ana iya canza masa wurin aiki kowane lokaci. Don haka ƙidayar farko, shafin tsari, littafin rasit da kwafin wasiƙu su kasance a fayil biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a hannun shugaban kwamiti. Ranar da sabon hedimasta ya kama aiki, shugaban kwamiti da wakiliyar mata su je yi masa barka da zuwa da fayil ɗin a hannu, su sa ranar zama na gaba kafin su tashi.